Alƙalawa: Fannin da Likitan Haƙorin Gobir Zai Zaɓa

Wanda bai san tarihi ba zai iya ratsa Alƙalawa a kan babur bai san birni ya ratsa ba. Gonaki ne shimfiɗe, karan gero kwance bayan girbi, awaki na kalar abin da ya rage, sai wani dogon tudu da ke miƙewa, ya nutse, ya sake ɓullowa can gaba. Tudun nan shi ne abin da damuna sama da 200 suka bari na ganuwa. In ka sunkuya ka tona ƙasa da yatsa, ba wuya ka ci karo da tsingaron tukunya. Mutanen wurin kan kai baƙo inda suke cewa nan kushewun sarakuna suke, a cire takalma, a shafa fatiha, sannan a koma hirar tsadar taki da labarin ƙauyen da aka shiga cikin dare. Gulbin Rima na nan kusa, fadamarsa na ba da shinkafa da albasa ga wanda ya samu ikon zuwa gona ya dawo lafiya.

Sarkin Gobir Babari ne ya kafa birnin a tsakiyar ƙarni na 18, a ƙasar da Zamfarawa suka ba Gobirawa wurin zama, daga baya ya juya ya ci Birnin Zamfara da yaƙi. A nan Bawa Jangwarzo ya yi sarautar da har gobe Bagobiri ke buga ƙirji da ita, bayansa Yakuba, Nafata, sai Yunfa. Dab da nan, a Tsuntsuwa, cikin ƙarshen 1804, jama'ar Shehu Usmanu suka yi mummunar asara, har da mahaddata Alƙur'ani masu yawa. A watan Oktoba na 1808 rundunar Muhammadu Bello ta shiga birnin, aka kashe Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan wajen 1860 Ɗan Halima ya dawo ya kafa Sabon Birni, ba nisa da kufan kakanninsa. Shi ya sa da wuya ka samu gida a nan da ba shi da dangi a ƙetaren iyaka.

Ni rakiya ce ta kai ni. Wani matashin likitan haƙori, ƙanen abokina, ɗan Sabon Birni, ya gama karatu, ya yi shekararsa ta sanin makamar aiki a asibiti, ya yi bautar ƙasa, yanzu kuma sakamakon jarrabawar shiga horon ƙwarewa ya fito, ya ci. Ya zo gida a sa masa albarka, ya kuma ji bakin manya kan abin da ya hana shi barci: a cikin fannonin aikin haƙori, wanne zai kama ya ƙare rayuwarsa a kai?

Daga Sakkwato tafiyar ta haura kilomita 100, ta Achida da mararrabar Marnona da Goronyo, kuma ba a yin ta da dare. Direbobi kan rage gudu in sun haɗu, wannan ya leƙo ya ce wa wancan, "Hanya lahiya?" Ba gaisuwa ba ce. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A Disamba 2021 'yan bindiga suka banka wa motar matafiya wuta kusa da Gidan Bawa a ƙasar Isa, fiye da mutum 20 suka ƙone. A Agusta 2024 aka samu labarin rasuwar Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Dubban mutanen yankin sun tsallaka jihar Maraɗi, suna zaune a wurare irin su Garin Kaka da Chadakori. Duk maganar zaɓen fanni da za ta biyo baya, a kan wannan hanya take tafiya.

Tsarin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Hukumomi biyu ke ba likitan haƙori shaidar ƙwarewa a Najeriya: Kwalejin Horon Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda asalinta ya koma 1960. Kowacce na shirya jarrabawa sau biyu a shekara. Ta farko, wadda likitan ya ci, a kan kwamfuta ake yin ta, kuma maimaita tushe ce: ƙirar jiki, aikin gaɓoɓi, magunguna, cututtuka, da sinadaran da ake cike haƙori da su. Cin ta ba ya ba ka aiki. Takarda ce kawai da za ka riƙe ka jira wani asibitin koyarwa ya yi shelar ɗaukar likitoci masu neman ƙwarewa. In an ɗauke ka, sai ka zagaya sassa, ka zauna jarrabawa ta biyu, ka nutsa cikin fanninka, ka rubuta kundin bincike, ka zauna ta uku. Shekara 5 zuwa 6 ke nan in ba yajin aiki, ba faɗuwa. Takardar farkon kuma tana da wa'adi; in ta daɗe a aljihu ba a samu gurbi ba, sai a sake zama.

Makarantar koyon aikin haƙori ta farko a ƙasar nan a Legas aka buɗe ta a 1966. Arewa ba ta samu tata ba sai bayan shekara ta 2000, a Maiduguri da Kano, daga baya Sakkwato. Likitocin haƙori 'yan dubbai ne ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma mafi yawansu suna Legas da Ibadan da Abuja. Da yawa daga cikin malaman da suka koyar da likitan namu Yarbawa ne, abin da ya ba baffansa dariya matuƙa, don tsakanin Bagobiri da Bayarabe wasa ne na taubasantaka. "Ashe bayinmu sunka koya maka," in ji shi.

A zauren baffan aka zauna bayan la'asar. Dattijo ne mai tsagar Gobir cikakkiya, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗaya, haƙoransa ja jawur da goro, ɗaya na Makka yana walƙiya in ya yi magana. Likitan ya durƙusa ya gaida shi, aka kawo fura, sannan ya shiga bayani a hankali, yana neman kalmomin da za su shiga.

Akwai masu jera haƙora, in ji shi, su ne ke sa wa 'ya'yan masu hali waya a baki na shekara ɗaya ko biyu har haƙora su miƙe. Ba kiran dare, ba jini, kuɗi kuma sai wanda ya gani. Akwai masu cike rami da kashe jijiya, da masu yin haƙoran roba da dashe, su ma kasuwarsu a birni take. Akwai masu dasashi, akwai masu zama ɗakin gwaji suna duba tsokar da aka yanko don gane ko ciwon daji ne. Sai tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska, wadda ita ce ta manyan maza, ita ce kuma aka fi sani a Sakkwato. Ya ambaci fannin haƙoran yara da na lafiyar bakin al'umma a ƙarshe, da sauri, kamar wanda ba ya son a tsaya a kansu.

Baffa ya kurɓi fura ya ajiye ludayi. "To, ɗana, wane na cikinsu ad da kuɗɗi?"

"Na waya, Baffa. Amma sai a Abuja ko Legas. Ko waje."

"Wane kuma ad da suna?"

"Tiyata."

"Wanda za ya aje ka nan gida hwa?"

Likitan ya yi shiru, ya duba tabarma. Amsar gaskiya ita ce babu. Albashin gwamnati ɗaya ne ga kowane fanni, bambancin yana asibitin kuɗi da mutum zai buɗe da yamma, ko tikitin jirgi. Abokan karatunsa wasu na shirin jarrabawar da Ingila ke yi wa likitocin haƙori na waje, wasu na jiran masu ɗiban ma'aikata zuwa Saudiyya. Amma ko wanda ya rantse ba zai fita ba, kujerar ƙwararre a asibitin koyarwa take ko babbar cibiyar lafiya ta tarayya. Duk fannin da ɗan Sabon Birni ya zaɓa, ya zaɓi barin Sabon Birni. Abin da ya rage masa shi ne ya duba wane fanni ne hannunsa zai iya miƙowa gida daga nesa.

Washegari muka shiga kasuwa. Can gefen 'yan awaki, ƙarƙashin rumfar zana, wani wanzami ya baje zabirarsa: asake, ƙaho, 'yar tsaga, ƙugiyar cire beli, da wani ɗan awartaki da tsatsa ta fara ci. Wani saurayi na zaune gabansa, kumatu ɗaya ya kumbura, ya ɗaure kai da rawani. Kwana da kwanaki yana fama, ya sa kanumfari, ya sa jar kanwa, wani ya ce ya ɗiga ruwan batir tsutsar ta mutu, ya ɗiga. Wanzamin ya sa yaronsa ya riƙe kan, ya tura awartaki, ya girgiza hagu da dama, sai ga matauni ya fito da jini, saiwa ɗaya a karye. Ya miƙa wa saurayin ruwan gishiri ya kurkure, ya danna masa auduga, ya karɓi kuɗinsa. Duka-duka bai kai tsawon sallar nafila ba.

Na zaci likitan zai ɓata rai. Ya dai tsuguna ya ce, "Sannu da aiki, Baba," ya ɗauki haƙorin ya juya shi, ya nuna wa dattijon inda saiwar ta karye, ya ce ragowar na ciki. Ya gaya wa saurayin in kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa, ko haɗiya ta yi wuya, ko zazzaɓi ya rufe shi, kada ya kwana, ya nemi mota zuwa Sakkwato, don irin wannan ruɓar kan toshe maƙogwaro ta kashe mutum da ransa da ƙarfinsa. Wanzamin bai ji haushi ba. Ya ce ya sha ganin haka, kuma shi ma ba ya taɓa haƙori in wuya ya riga ya kumbura. Da muka tashi likitan ya ce mini, "Yaya, in ka hana shi aiki yau, wa zai cire wa yaron can haƙori?" Ba ni da amsa, kuma ba na jin ma'aikatar lafiya na da ita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wani ƙaramin ɗakin shan magani na wani ƙauye ya faru. Malamin asibitin tsohon abokin likitan ne, muka biya a gaisa. Mata na jere a kan benci da goyo, ana auna damtsen yara da ɗan ma'aunin nan mai kore da rawaya da ja. Wata tsohuwa ta kwanto jikanta, bai wuce shekara 3 ba, gashinsa ya yi ja ya kwanta, miyau na zuba a ƙirjinsa. An auna, ma'auni ya nuna ja, an rubuta masa abincin tamowa, har za ta mayar da shi baya, sai likitan ya ce, "Inna, dakata. Warin nan daga bakinsa ne?"

"Tun da ya yi ƙyanda ya tashi, Likita. Bai cin komi, ko kunu sai ya yi ta kuka."

Ya wanke hannu, ya karɓi cokali, ya kunna fitilar wayarsa ya ba ni in haska. Ya danna leɓen ƙasa da bayan cokalin. Dasashin ya yi ja ya kumbura, tsinin naman da ke tsakanin haƙora ya cinye, wani farin abu mai toka-toka ya lulluɓe wurin, da ya taɓa kaɗan sai jini. Ya shafa kuncin ta waje, ya matsa a hankali, bai ji tauri ba. Ya sauke numfashi.

Wannan shi ne matakin farko na zaizayar baki, ciwon da likitoci ke kira Noma, wasu a karkara su ce ciwon iska. A wannan mataki maganinsa na nan a kowane kemis: amoksisilin da metronidazol, wanke baki da ruwan ɗumi da gishiri, da abinci mai gina jiki. Ya rubuta, ya nuna wa tsohuwar yadda za ta naɗe tsumma mai tsabta a yatsa ta goge dasashin safe da yamma, ya ce a dage da kunun gyaɗa da wake da ƙwai in an samu. Ya ja kunnenta: in ta ga kunci ya kumbura ko wani baƙin tabo ya fito, a kama hanyar Sakkwato ranar, kada a tsaya wurin mai magani. Sannan ya juya ga abokinsa ya ce, duk yaron da ma'auni ya nuna ja ko rawaya, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, a riƙa buɗe bakinsa a duba. Malamin asibitin ya ce ba a taɓa sa wannan cikin abin da ake tambayarsu ba.

In ba a kama shi nan ba, cikin 'yan kwanaki kunci zai kumbura, nama ya mutu ya yi baƙi, ya zube, ya bar rami da ake hango haƙora ta ciki, wani lokaci har hanci da ƙasan ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaran da ba su samu magani ba, har 9 cikin 10 na iya mutuwa. Ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma ƙiyasin da hukumar ta yi tun 1998, wanda har yanzu shi ake ambata, ya ce yara 140,000 ke kamuwa duk shekara. Wanda ya rayu, tabon kan ja muƙamuƙi ya kulle, ya kasa buɗe baki, sai a riƙa tura masa abinci ta kafar da ciwon ya bari. Yarinya takan girma a ƙuryar ɗaki da gyale a fuska.

A nan ne tiyata ke da hujjarta, kuma hujja ce mai ƙarfi. Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999 da taimakon ƙungiyoyin agaji na Jamus da Holan, yana cikin ƙalilan a duniya da aka keɓe don wannan ciwo kaɗai. Tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki da ma'aikatar lafiya a can, an yi tiyata sama da 1,000, kuma kyauta. Aiki ne na haƙuri: a saki muƙamuƙin da ya kulle, a yanko fata daga goshi ko wuya ko ƙirji a juyo da ita a rufe ramin, a jira ta kama, a sake komawa. Yaro ɗaya kan shiga ɗakin tiyata sau da yawa cikin shekaru. Ko sa shi barci ma gwaninta ce, tunda bakin ba ya buɗuwa, ta hanci ake zura bututun numfashi. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan na kula da irin waɗannan yara tun farkon shekarun 1990. Kafin duk wannan, Farfesa E. O. Adekeye ya yi shekaru yana gyaran irin waɗannan fuskoki a sashen tiyatar muƙamuƙi na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna, ya kuma wallafa yadda ake yi a 1983. Ban da zaizayar baki, likitan tiyatar fuska a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba ya rasa aiki: 'yan kabu-kabu da suka faɗi a kan haɓa, ƙarin muƙamuƙi da aka bari ya girma shekara da shekaru, jarirai masu tsagaggen leɓe, yanzu kuma raunin harsashi daga irin ƙauyukan da muka baro. Saurayin da ya ce wannan zai yi, ba wanda zai ce ya guje wa mutanensa.

Duk da haka ni ba nan hankalina ya kwanta ba. Yaron da ya isa teburin tiyata a Sakkwato, shi ne ɗayan da ya tsira cikin goman, kuma shi ne wanda iyayensa suka samu kuɗin mota da hanyar da ba a tare ba. Sauran an binne su a ƙauye ba a rubuta sunan ciwonsu ko'ina ba. Turai ma ta yi fama da wannan ciwo har cikin ƙarni na 19, kuma ba wuƙar likita ce ta kore shi ba. Ya ja da baya ne da abinci ya wadata, tsabta ta samu, tun kafin a fara amfani da fenisilin, ya kuma sake ɓullowa a sansanonin 'yan Nazi irin su Auschwitz da Bergen-Belsen, inda aka tara mutane aka hana su abinci. Farfesa Cyril Enwonwu, likitan haƙori ɗan Najeriya, tun farkon shekarun 1970 yake nuna cewa tamowa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro su ne ke share wa ciwon hanya. To duba ƙasar Gobir yau. Manomi ba ya zuwa gonarsa ta nesa, ko ya je sai ya biya harajin 'yan bindiga kafin ya girbe. Masu allurar rigakafi akwai garuruwan da ba sa iya shiga. Duk abin da ciwon ke buƙata an tanadar masa.

Fannonin nan biyu da likitan ya ambata da sauri a zaure, su ne aka yi don wannan. Ƙwararre a lafiyar bakin al'umma ba ya jiran majinyaci a kujera. Aikinsa ya ƙirga, ya gano ina ciwo yake, ya tsara yadda malaman asibitin karkara da ungozomomi da masu allura za su riƙa duba baki, ya zauna da wanzamai da masu magani tunda wurinsu ake fara zuwa, ya kuma takura wa ma'aikata har a sa layi ɗaya a takardar auna tamowa mai cewa "an duba baki?" Daga ofis a Sakkwato hannunsa na iya kaiwa Tsamaye da Unguwar Lalle da Kurawa ba tare da ya kwana can ba. Shi kuma na yara, shi ne zai horar da idon da zai gane dasashin da muka haska. Amma kada a yaudari kowa. Ba asibitin kuɗi a wannan fanni, ba hoton "kafin" da "bayan" da za a nuna a Facebook, abokai kuma za su ce ka yi shekara 6 kana karatu don ka koya wa mutane asuwaki. Yaron da aka kama ciwonsa da wuri ba ya dawowa godiya, don iyayensa ba su san abin da ya tsallake ba.

Akwai alamar ƙofa ta ɗan buɗe. Najeriya ce ta jagoranci ƙasashe wajen kai buƙata ga Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ranar 15 ga Disamba 2023 aka sa Noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa rikon sakainar kashi. A shekarar ce aka buɗe cibiyar Noma a harabar Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Mulikat Okanlawon, wadda ta rayu daga ciwon kuma take aiki a asibitin Sakkwato, tana cikin waɗanda suka kafa Elysium, ƙungiyar waɗanda suka tsira, ana kuma jin muryarta a tarukan duniya. Shiga jerin na iya jawo kuɗin bincike da na horo, kuma in sun zo za a nemi wanda ya san fannin, ya ji Hausa, ya san bambancin Gatawa da Gangara. Ko za su zo, da yaushe, wannan ba abin da saurayi zai gina aure a kai ba ne.

A Isa muka kwana kafin mu juyo. Gari ne babba a kusa da gulbin Bunsuru, Shinkafi ta Zamfara na nan gaba kaɗan, inda MSF ke jinyar yara masu tamowa a babban asibitin garin. Unguwanni sun cika da baƙin da suka baro ƙauyukansu, kowane kango da mutane a ciki, yara na yawo da kwanoni. Likitan ya daina kallon gari, bakin yara yake kallo. Mai shayi ya lura, ya tambaye ni ko abokin nawa lafiya.

A wurin mai shayin na gaya masa ra'ayina ba ɓoye-ɓoye, na ce in ni ne, na al'umma zan ɗauka, in ya ƙi, na yara. Ya ce, "Yaya, kai ba ka da ƙanne bakwai da ke jiran albashinka." Gaskiya ya faɗa. Ya ƙara da wani abin da masu ba da shawara irina kan manta: zaɓin ba duka a hannunsa yake ba. Asibitoci kan daɗe ba su yi shelar ɗauka ba, in sun yi, gurabe 'yan kaɗan ne, kuma ba kowane sashe ke da izinin horarwa a kowane asibiti ba. A Arewa an fi samun gurbi da malamai a tiyata. Wanda ke son na yara ko na al'umma yana iya samun kansa a Kano, ko ma Ibadan ko Ife ko Legas, na tsawon shekaru, kuma wanda ya yi aure ya sa yara makaranta a can, ba kowa ke dawowa ba.

Baffa ya kira a waya muna hanyar Marnona. Ya yanke nasa hukuncin: tiyata, don Sakkwato kusa ce, kuma ranar da aka harbi wani nasu a san wanda za a kira. Mahaifiyarsa ta aiko a ce masa ya yi istihara. Da ya kashe wayar na tambaye shi me zai rubuta a takardar neman gurbi.

"Na yara zan sa farko, tiyata ta biyu," in ji shi. "Amma in gurbin tiyata ya riga fitowa, shi zan kama, Yaya. Ba zan yi maka ƙarya ba."